FILIN MATA: Ashe Kunya Ta Mai Ƙoshi Ce?

 

Abin da ya jawo maganarmu ta yau, gardama ce ta tashi a wani gidan suna da na je makon jiya. Muna zaune a tsakar gida ana jiran a sauke tukunya, sai hira ta kai mu ga tsadar abinci. Wata ta kawo labarin wata mata da aka kama a kasuwa ta ɗebi masara ta ƙulle a gefen mayafinta. Da aka titsiye ta, sai ta ce kwana biyu ke nan ba a hura wuta a gidanta ba, ga 'ya'ya huɗu. Nan fa baki ya rabu biyu. Waɗansu suka ce ɓarauniya ɓarauniya ce, ko da wace hujja ta zo. Sai wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a unguwarmu ta tafa hannu ta ce, "Ku rufa mana baki, 'yan nan. Kunya ta mai ƙoshi ce. Duk tarbiyyar nan da ku ke taƙama da ita, yunwar kwana uku ta ishe ta." Aka yi dariya, aka kawo tuwo, magana ta mutu a nan. Amma ni ta bi ni har gida, na kwana ina juya ta.

To, ashe haka ne? Halin kirkin nan da mu ke shan wahalar dasa wa yara, ado ne kamar lalle, wanda zai koɗe da zarar an sha wuya? Kafin mu amsa, bari mu duba inda shi halin ya ke fitowa.

Kowace uwa ta sani ba a zaunar da ɗan shekara uku a karanta masa dokoki. A bakin akushi ya ke koyo. Ya miƙa hagu, a buge hannun. Ya kai hannu gaban wansa, a ce masa ci gabanka. Ga tsokar nama guda a tsakiyar miya, idonsa na kanta, amma ya ga ba mai taɓawa sai babba ya raba. In baƙo ya yi sallama ana cikin ci, ya ji an ce bismilla, ko da tuwon bai taka kara ya karya ba. Ya ga uwarsa ta zuba a kwano ta ce kai wa maƙwabta. Ba a gaya masa dalili, shi ma ba ya tambaya. Yau da gobe sai abin ya bar kunne ya koma ciki, har ya zama in ya ɗauki abin wani, gabansa ke faɗuwa tun kafin kowa ya gan shi. Wannan faɗuwar gaba ita mu ke nema. Yaron da tsoron bulala kaɗai ke hana shi, ranar da babu mai bulala kusa, shi ke nan.

Amma kada mu iyaye mu kwashe yabon duka, gama akwai abin da yaro ya ke zuwa da shi. A shekarar 2006 waɗansu masana biyu a birnin Laifzig na ƙasar Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello, suka buga labarin gwajin da suka yi da yara 'yan wata 18, waɗanda ko magana ba su gama iyawa ba. Mutum zai tsaya yana shanya, sai ɗan iccen da ya ke maƙale tufa da shi a igiya ya suɓuce ya faɗi, ya yi ta miƙa hannu kamar ba zai iya kaiwa ba. Sai ka ga yaro ya taso ya ɗauko ya miƙa masa, ba a roƙe shi ba, ba a yi masa alkawarin alewa ba. Kusan dukan yaran sun yi irin wannan taimako. In kuwa da gangan mutumin ya jefar, sai su ƙyale shi da abinsa. Kun ga ke nan irin yana nan tun asali. Namu shi ne ban ruwa da noma. Kuma mu ne mu ke shata wa yaro iyakar waɗanda suka cancanci tausayinsa: ko 'yan ɗakinsu kaɗai, ko har da 'ya'yan kishiya, ko har almajirin da ke bakin zaure. Ku riƙe wannan maganar iyaka, za mu dawo kanta.

Yanzu sai mu ba mai ƙuli-ƙuli haƙƙinta, domin ba ƙarya ta shara ba. A 1944 zuwa 1945, ana cikin yaƙin duniya na biyu, wani masani a Jami'ar Minesota ta Amurka, Ancel Keys, ya tara samari 36 da suka yarda a gwada yunwa a kansu. Mutane ne masu riƙo da aƙida, waɗanda suka ƙi ɗaukar bindiga don ba su yarda da zub da jini ba. Aka rage musu abinci zuwa wajen rabi har wata shida. Kowannensu ya zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Amma abin da ya fi ramar ban tsoro shi ne yadda halinsu ya juya. Masu fara'a suka zama masu saurin fushi, hira ta koma ta abinci kawai, suna tara littattafan girki suna kallo, suna lashe kwano, har aka sami waɗanda suka ci a ɓoye suka karya alkawari. Su kuwa sun san ranar da gwajin zai ƙare, ga likitoci a kansu. Ina ga wadda ba ta ga ƙarshen tata yunwar ba?

Har wa yau kun sha jin cewa in jirgin ruwa zai nutse, mata da yara a ke fara fitarwa. A jirgin Titanic a 1912 haka aka yi, domin kyaftin ya ba da umarni, jirgin kuma ya ɗauki awa biyu da minti 40 kafin ya nutse. Sama da kashi 70 cikin ɗari na mata suka tsira, maza kuwa wajen kashi 20. Amma a 2012 masana biyu na Jami'ar Ufsala a ƙasar Suwidin suka bi lissafin haɗari 18 na jiragen ruwa, mutum sama da 15,000, suka tarar a yawancinsu maza sun fi mata tsira, ma'aikatan jirgi sun fi fasinja, yara kuwa su ne a can baya. Labari ne marar daɗi gare mu, amma gara mu san shi.

Da nan maganar ta tsaya, da na je na sallama wa dattijuwar nan. Amma ku saurari wannan.

Ran 13 ga Oktoba 1972 wani jirgin sama na sojan ƙasar Yurugwai, a Amurka ta Kudu, ya faɗi a kan duwatsun Andis, kusa da iyakar Ajantina da Cile. Mutum 45 ne a ciki, yawancinsu samari 'yan ƙwallon zari-ruga da abokansu da danginsu, za su wasa a birnin Santiyago. Gajimare ya rufe, matuƙin ya zaci ya riga ya ƙetare duwatsun, ya fara sauka, sai jirgin ya bugi dutse. Fukafukai da wutsiya suka fita, gangar jikin ta sulale ta tsaya cikin dusar ƙanƙara. Wurin ya fi ƙafa 11,000 bisa. Ba icce, ba ciyawa, ba dabba. Sanyin dare kuwa, hunturunmu a wajensa wasan yara ne, ga shi da yawa cikin samarin ba su taɓa taka ƙanƙara ba. Mutum 12 suka mutu nan take ko jim kaɗan, waɗansu suka bi su cikin kwanakin farko, aka bar 27.

Abin da suka fara yi shi ne rabo. Shugaban 'yan wasan, Marcelo Pérez, ya tattara duk abin ci da ke cikin jirgin, 'yan cakulan da alewa da abin gwangwani da 'yan kwalaben giya, ya riƙa ba kowa ɗan ɓalli da ɗan kurɓi cikin murfi. Biyu daga cikinsu masu koyon aikin likita suka kama duba masu rauni. Wani ya gano dabarar narkar da ƙanƙara a kan fallen ƙarfe na bayan kujera in rana ta fito. Da dare su kwanta a manne da juna, suna karɓa-karɓa da wurin kwanciya don kada mutum ɗaya ya dawwama a bakin inda sanyi ya fi shigowa. Wa ya koya musu? Ai akushin gida ne ya biyo su har kan dutse.

Jirgin fari ne, masu nema suka wuce ta sama ba su gan shi ba. Bayan kwana takwas aka daina nema, su kuwa suka ji wannan labari da kunnensu a wata 'yar rediyo da suka samu. Abinci ya ƙare. Suka gwada cin fatar jaka da abin cikin kujera, bai ciwu ba. Abin da ya rage shi ne gawawwakin abokansu da ƙanƙara ta adana. Ku yi haƙuri, na san wata za ta ajiye jaridar nan ta tofar da yawu. Ni ma haka na yi da farko. Amma ku duba yadda suka yi.

Ba su faɗa wa abin kamar kuraye ba. Taruwa suka yi suka yi shawara, ana ta kai da kawowa, gama dukansu 'yan Katolika ne masu tsoron zunubi. Suka yi wa juna alkawari cewa duk wanda ya mutu, ya yarda sauran su rayu da jikinsa. Mutum uku, 'yan wa da ƙane, suka ɗauki aikin yanka a can gefe, don kada sauran su san na wane ne. Wani saurayi, Nando Parrado, ya rasa uwarsa da ƙanwarsa a haɗarin. Sauran suka yi masa kara, suka kewaye gawarsu ba su taɓa ba. Shi ne da bakinsa, ranar da zai tafi neman taimako, ya ce in abin ya ƙure ya ba su izini.

Ban ce sun zama mala'iku ba. Sun yi faɗa, sun zagi juna, an sami masu ɗan satar ƙari, an sami raggwaye masu kwanciya ana yi musu aiki. Amma waɗanda ƙafafunsu suka lalace, waɗanda ba su da aikin da za su iya, aka ci gaba da ba su rabonsu ana jinyarsu har ranar da suka cika. Ba wanda ya ɗaga hannu ya gaggauta wa wani.

Mata biyar ne a jirgin, ba wadda ta dawo. Wadda ta fi daɗewa ita ce Liliana Methol, matar aure da ta bar 'ya'ya huɗu a gida, tana tare da mijinta. Ita ta zama uwa ga samarin nan, tana jinya, tana lallashin masu kuka. Ita ce kuma ta ƙarshe da ta yarda ta ci, kuma don ta koma ga 'ya'yanta ta yarda. Ba a daɗe ba, daren 29 ga Oktoba, ƙanƙara ta zabtaro daga kan dutse ta cika jirgin suna kwance, ta kashe mutum takwas, har da ita da Marcelo mai rabo. Waɗanda suka fara fid da kai suka yi ta tono da hannu suna zaƙulo 'yan'uwansu. Akwai kuma wani, Numa Turcatti, wanda cikinsa ya ƙi karɓar abin sam, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ga ciwon ƙafa, ya yi ta ramewa har ya mutu ran 11 ga Disamba, shi ne na ƙarshe da ya mutu. To, wannan fa? Yunwar wata biyu ba ta kankare abin da aka dasa masa ba, har ta kai shi kabari da shi.

Washegari Parrado da Roberto Canessa suka kama hawan dutse, da na ukunsu wanda ya komo bayan kwana uku don guzuri ya isa biyun. Abin da ya hana sanyin dare kashe su buhun kwana ne da suka ɗinka da wani abu mai riƙe ɗumi da suka ciro daga jirgin. Wanda ya ja ragamar ɗinkin, Carlitos Páez, uwarsa ce ta koya masa riƙon allura tun yana yaro. Masu cewa ɗinki ba aikin ɗa namiji ba ne, sai ku ji. Kwana goma suna tafiya, sa'an nan suka hango wani makiyayi, Sergio Catalán, a hayin kogi. Ƙarar ruwa ta hana su jin juna, sai ya ɗaure takarda da abin rubutu a dutse ya jefa musu, suka rubuta suka jefo. Ya jefa musu burodi, ya hau doki ya yi tafiyar sa'o'i don ya kai labari, alhali bai san su ba, bai san iyayensu ba. Ran 22 da 23 ga Disamba jirage masu saukar ungulu suka kwashe sauran. Mutum 16 suka rayu, bayan kwana 72. Shugabannin addininsu suka ce ba su yi zunubi ba.

Yanzu ku gwada wannan da wani labari da ya girme shi. A 1884 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mignonette ya tashi daga Ingila za shi Ostareliya da mutum huɗu: kyaftin Tom Dudley, da Edwin Stephens, da Edmund Brooks, da yaron jirgi Richard Parker, maraya ɗan shekara 17. Ran 5 ga Yuli igiyar ruwa ta fasa jirgin a tsakiyar teku, suka faɗa ɗan kwale-kwale, ba ruwan sha, sai gwangwani biyu na wata saiwa irin ta Turawa. Suka kama kunkurun teku guda, ya kai su 'yan kwanaki. Ƙishirwa ta sa yaron ya sha ruwan gishiri, ya kwanta rai a hannun Allah. Dudley ya ce a yi ƙuri'a, Brooks ya ƙi. Sai Dudley ya ce da Stephens ai su masu iyali ne, shi 'ya'yansa uku, Stephens biyar, yaron nan kuwa ko ta yaya mutuwa zai yi. Wajen kwana na 20, Dudley ya yi addu'a, ya sa wuƙa ya yanka yaron, Stephens na tsaye. Su uku suka ci, har da Brooks da ya ƙi yarda. Bayan kwana huɗu wani jirgin Jamus ya tsince su.

Da suka sauka Ingila ba su ɓoye kome ba, don sun ɗauka al'adar ma'aikatan teku ta rufa musu. Jama'ar gari ma suka tausaya musu ƙwarai. Amma ran 9 ga Disamba 1884 manyan alƙalai a Landan, ƙarƙashin Lord Coleridge, suka yanke cewa larura ba hujja ba ce ta kisan kai. Abin da ya tsaya wa alƙalin shi ne, wa zai auna ran wane ya fi na wane? Ga shi an zaɓi mafi ƙanƙanta, mafi rauni, wanda ba zai iya kare kansa ba. Shi da kansa ya yarda cewa wani lokaci doka ta kan kafa ma'aunin da mai yanke hukuncin ma ba lalle ya iya kaiwa ba, amma ya ce wannan ba ya mai da laifi ya zama ba laifi ba. Aka yanke wa Dudley da Stephens hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin wata shida. Brooks kuwa shaida aka mai da shi.

Ku lura, Dudley ba marar tarbiyya ba ne. Mai ibada ne, mai son iyalinsa, har addu'a ya yi kafin ya zaro wuƙa. Yunwa ba ta cire masa tausayi ba, matse shi ta yi har ya zama bai wuce ƙofar gidansa ba, maraya ya faɗo waje. Maganar iyaka ke nan da na ce ku riƙe. Ni abin da ya fi tsorata ni shi ne hujjarsa, watau "'ya'yana", gama ita ce hujjar da ta fi kusa da bakin kowace uwa. Uwar da ta saba wa ɗanta cewa kukan ɗan kishiya ba kuka ba ne, ta sani ta riga ta shata masa irin wannan iyaka tun ana zaman lafiya.

Ga nawa ganin, dokoki ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda larura ta kan sassauta, akwai wanda ba ta taɓawa. Addininmu ma haka ya tsara. An halatta mushe ga wanda yunwa ta kai shi bakin mutuwa. Sayyadina Umar, a shekarar fari da a ke kira Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, ya dakatar da yanke hannun wanda yunwa ta sa shi sata. A kan gawar ɗan Adam malamai sun yi saɓani, yawancin Malikiyya sun hana, Shafi'iyya sun yarda, wannan kuwa na bar wa malamai. Amma ba mazhabar da ta yarda mutum ya kashe marar laifi don ya tsira da nasa rai. Saboda haka matar nan ta kasuwa, ni ba zan haɗa ta da Dudley ba ko da hujjarsu ɗaya. Masara ta ɗauka, ana kuwa iya biyan masara. Tambayar da ba mu yi ba a gidan sunan nan, muna zaune gaban tukwane uku, ita ce ina maƙwabtanta su ke da har aka kwana biyu ba su lura hayaƙi bai tashi a gidanta ba.

Mu ma ba baƙin wannan jarrabawa ba ne. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a waɗansu sassan ƙasar Hausa a ke kira Kakalaba, mutane sun tona gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin hatsin da ta tara. A farin 1973 an koma ga tafasa da ƙarangiya da anza, wadda sai an yi kwanaki ana jiƙa ta kafin ɗacinta ya fita. Ku tambayi tsofaffinku. Za su ba ku labarin maigidan da ya ce za shi cin rani bai sake waiwayo ba, za su kuma ba ku na uwar da ta riƙa cewa ta ƙoshi don yara su cinye. Sau da yawa a unguwa ɗaya aka yi su.

Jiya na je sayen ƙuli-ƙuli, na kwashe labarin nan duka na ba dattijuwar, ina jin na kayar da ita. Ta saurara tana murza tunkuza, ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce, "Na ji na samarin dutse, Allah ya ji ƙan matar nan mai 'ya'ya huɗu da irin halinta. Amma 'yar nan, kin yi ta maganar mai wuƙa, kin tsallake na ukun. Wanda ya ce shi babu ruwansa, ya kau da kai aka yanka yaron, sa'an nan ya matso aka ci da shi, aka kuma sake shi ya tafi gida. Shi a wane layi ki ka sa shi?"

Na karɓi ƙuli-ƙulina na taho ban ba ta amsa ba. Wadda ta ke da amsa ta rubuto wa Filin Mata, za mu buga. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda a ke ajiye wake kada ƙwari su ɓata shi.